Tambaya da Amsa: Wane Kile Mai Awo Ya Dace da Mai Gyaran Babur a Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a unguwar Bukoki, nan Yamai, kuma da babur mai inji 125 nake zuwa aiki. Kwanakin baya wani yaron gareji ya ɗaure notin juyen mai har haƙoran ƙasan injin suka cinye, mai ya riƙa ɗiga. An gyara, amma tun daga nan na ƙudura in riƙa yin ƙananan ayyuka da kaina, kamar juyen mai da sauya buji da jan sarƙa. An ba ni shawara in sayi kile mai auna ƙarfin ɗauri, wanda masu shago ke kira kile dinamometirik. A kasuwar Katako na ga dogo mai lamba 40 zuwa 210, da wani ƙarami mai 10 zuwa 60. Mai shagon ya ce in ɗauki dogon, wai shi ke yin komai. Wanne ya kamata in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki ƙaramin. Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce dogon yana da ƙarfi, sai dai ƙarfinsa na ƙafafun mota ne, kuma kusan duk aikin da ka lissafa yana ƙasa da inda lambarsa ta fara.

Lambobin da ka gani ana kiran su niyuton-mita, ana rubuta su Nm a jikin kilen. Ga abin da suke nufi a kan babur irin naka. Ƙananan notocin da ke riƙe murfin inji, masu kaurin jiki milimita 6, ba sa son fiye da 10 zuwa 12. Buji mai haƙora milimita 10 shi ma 10 zuwa 12 yake so, mai milimita 12 kuwa, wanda aka fi samu a injin 125, tsakanin 15 da 20. Notin juyen mai, wanda ya jawo maka asara, yawanci yana tsakanin 20 da 30. Notoci masu kaurin milimita 8 suna kewayen 25. Ka ga ke nan kilen da ya fara daga 40 ba shi da abin da zai gaya maka a kan ko ɗaya daga cikinsu, kuma tsawonsa kaɗai ya isa ya sa ka wuce ƙima ba tare da hannunka ya ji komai ba. Yawancin waɗannan notoci na ƙarfe ne da ke shiga cikin alminiyo, wanda ya fi su taushi, saboda haka idan aka matsa fiye da kima, jikin injin ne ke cinyewa ba notin ba, kuma shi ne mai tsadar gyara.

Akwai wani dalili da ba kowane mai saye ya sani ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da aka fi ƙera waɗannan kilaye a kanta, ISO 6789, ta yarda irin mai ƙara ya yi kuskuren kashi 4 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma a al'ada ana gwada wannan daidaito ne daga kashi 20 cikin 100 na babbar lambar kilen zuwa ƙarshenta. A can ƙasan ma'auni kile ya fi yin kuskure, a tsakiya ya fi faɗin gaskiya. Sikelin da ake auna buhun albasar Galmi ba a auna zinariya da shi, ko da kuwa lafiyarsa lau. Kile mai 10 zuwa 60 yana sanya juyen mai da buji da notocin milimita 8 a wurin da ya fi aminci. Wanda ke da niyyar buɗe murfin inji sau da yawa zai amfana da wani ƙarami kuma, mai 5 zuwa 25, amma wannan sai daga baya.

Abu ɗaya ne dogon zai yi maka, wato babban notin ƙafar baya, wanda kake kwancewa duk lokacin jan sarƙa. A ƙananan babura yakan nemi daga 50 zuwa kusan 90, gwargwadon samfuri. Ka duba littafin babur ɗinka kafin ka fitar da kuɗi. Idan lambar ba ta wuce 60 ba, ƙaramin ya wadatar. Idan ta wuce, a ganina gara ka ari dogo ko ka biya gareji a ɗaure maka wannan noti guda, da ka sayi kilen da zai yi maka aiki ɗaya ya bar goma.

Game da iri kuwa, uku ne ake samu. Akwai mai ƙara, wanda ake murɗa mariƙinsa zuwa lambar da ake so, idan ɗauri ya kai sai ya yi ƙas a hannu. Akwai mai tsinke, wanda sandarsa ke ɗan lanƙwasa tsinken yana nuna lamba a kan faranti. Akwai kuma mai batir da allo. Na ƙarshen ban cika son sa ga mai aikin gida a ƙasarmu ba, domin zafi da ƙura ba sa barin batir da allo su daɗe. Mai tsinke mutane kan raina shi saboda ya yi kama da kayan da, alhali ba shi da sifirin da zai gaji, kuma muddin tsinken yana komawa kan sifili, awonsa na nan. Matsalarsa ita ce dole idonka ya kasance daidai da farantin, abin da ke da wuya a ƙarƙashin inji. Mai ƙara ya fi sauƙi ga sabon hannu, shi nake ba ka shawara, da sharaɗin ka kula da shi. Ka lura kuma da girman bakinsa mai kusurwa huɗu: mai 10 zuwa 60 yawanci 3/8 ne, don haka kawunan da za ka saya su zama na wannan baki, masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, tare da dogon kai na buji.

Idan na hannu ne za ka saya, kamar yadda ake yawan samu a Katako, kada ka biya sai ka gwada. Ka je wurin mai walda a damƙe bakin kilen a matsin ƙarfe, sandar tana kwance a miƙe. Ka auna daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙin, ka rataya nauyin da ka sani a wurin. Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce, kuma kilo 10 a nisan santimita 30 yana ba da kusan 29 da rabi. Idan ka saita kilen a 28 ya yi ƙara, ka saita a 32 bai yi ba, to yana nan kusa da gaskiya. Wanda aka samu a murɗe kan babbar lamba, mai tsatsa a mariƙi, ko wanda ƙararsa ba ta fita sarai, a bar wa mai shi.

Bayan saye, ka wanke haƙoran noti daga yashi kafin ɗauri, domin yashi kan sa kile ya yi ƙara alhali notin bai zauna ba. Ka fara shigar da kowane noti da yatsu, musamman buji, kuma inji ya huce tukuna. Ka riƙe tsakiyar mariƙin, ka ja a hankali, ƙara ɗaya ta isa. Maimaita ta sau uku ƙarin matsi ne. Kada ka kwance noti da shi, kada ka zura masa bututu don ƙarin tsawo, kuma idan ka gama ka mayar da shi kan ƙaramar lambarsa kafin ka ajiye cikin akwatinsa. Tunda an taɓa gyara ramin notin juyen man naka, ka tsaya a ƙasan lambar da littafi ya bayar, ka kuma sa sabuwar wasa, wato ɗan zoben da ke zama ƙarƙashin kan notin, a kowane juye, domin ita ke tsare ɗigar mai ba ƙarin matsi ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a Tawa. Littafin babur ɗina da kgf.m aka rubuta lambobinsa, kilen da ƙanena ya kawo mini kuma Nm da ft-lb ne a jikinsa. Yaya zan yi? Kuma shin in shafa wa noti mai kafin in ɗaure?

AMSA: Ɗan'uwa, lissafin ba shi da wuya. Kgf.m awon ƙarfin ɗauri ne da kilo da mita, ɗayansa daidai yake da Nm 9.8, don haka ka ninka lambar littafinka sau goma, ka sami abin da ya kusa sosai: 2.5 ya zama kusan 25. Layin ft-lb na Amurka da Ingila ne, ɗaya daga cikinsa Nm 1.36 ne, kuma ka kiyaye kada idonka ya zame kansa, domin wanda ya saita 25 a wannan layi ya ɗaure da kusan 34. Batun mai kuwa, lambobin littafi na busassun haƙora ne masu tsabta, sai inda aka rubuta a shafa. Noti mai mai yana zamewa da sauƙi, ya matse fiye da yadda kilen ke nunawa. Ka kuma tuna cewa lambar kan noti, wadda muke kiran sa da ita a gareji, ba ita ce kaurin jikinsa ba: notin da kile lamba 10 ke kamawa yawanci milimita 6 ne, mai lamba 12 kuma milimita 8, kuma da kaurin jikin ake duba jadawalin ɗauri.