Gyaran ƙwayar gado don maganin sikila, shin canza halittar Allah ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, ɗana na biyu sikila ne shekararsa tara, bana kaɗai sau uku ana ƙara masa jini, in hunturu ya shigo ba ma barci haka zai kwana yana kukan hannu da ƙafa. Rannan na ji a rediyo wai Turawa sun samo maganin da ake shiga cikin ƙwayar halittar mutum a gyara ya warke, da na faɗa a gida sai baban maigidana ya ce canza halittar Allah ne, ko gwajin jini kafin aure ma bai yarda da shi ba wai shiga gaibu ne. Ga kuma ƙanwata an kawo kuɗin gaisuwarta, an yi gwaji ita AS shi ma AS. Malam meye gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaro lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

To baiwar Allah, malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da abin kansa. A cikin jan jini akwai sinadarin da yake ɗaukar iskar numfashi ya kai ko'ina a jiki, kuma yadda jiki zai haɗa shi a rubuce yake a cikin ƙwayar gado kamar rubutu a allo. Mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a wannan rubutun, shi ne yake sa ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, wannan kukan daren da kike faɗa daga nan yake. Tun 1949 wani masani a Amurka, Linus Pauling, ya nuna matsalar a cikin sinadarin take, a 1956 kuma aka gano ainihin gurbin da ya sauya.

Maganin da kika ji sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ki tuna watannin farko na ɗanki, ai lafiya lau yake yana shan nono yana barci, sai da ya doshi wata shida hannu da ƙafa suka fara kumbura. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, daga baya jiki ya rufe shi. To likitocin sai su ɗebi ƙwayoyin da suke haifar da jini daga jikin majinyacin da kansa, su kashe makunnin da ya rufe wancan sinadarin, su mayar masa da abinsa. Kin ga ba daga jikin wata dabba aka kawo ba, ba na wani mutum ba ne, abin da Allah ya riga ya halitta masa ne aka sake buɗewa.

Baba yana da hujjarsa kuma kada a raina masa, aya ce a Suratun Nisa'i ta 119 inda Shaiɗan ya yi alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah. Amma ina iyakar ayar? Hadisin Ibn Mas'ud da ya tsine wa masu zanen jiki da masu fiƙe haƙori ya zo da sharaɗi, masu yin haka don neman kyau. Shi kuwa Arfaja bin As'ad da aka yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) da kansa ya ce ya sa na zinare, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Ashe kawar da cuta a mayar da jiki kan lafiyarsa daban, sauya lafiyayyen abu don son zuciya daban. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 1998 ita ma haka ta tafi, ta halatta wannan ilimi wajen rigakafi da magani matuƙar cutarwar ba ta fi amfanin ba. Don haka ya halatta.

Inda muke cewa a'a shi ne taɓa ƙwayar maniyyi ko ƙwan mace ko ɗan tayi ta yadda sauyin zai bi zuri'a, wani masani a Sin ya yi haka a 2018 ƙasarsa ma ɗaure shi ta yi shekara uku. Sannan shi Casgevy ɗin sai an fara ba mutum magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, wanda kan iya hana shi haihuwa, to wajibi ne a faɗa wa majinyaci ko waliyyinsa wannan ƙarara kafin su yarda. Kuma kada in ɗaga miki rai a banza, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, mu da kuɗin motar zuwa Dutse ko Kano ma sai an sayar da akuya. Abin da yake kusa da ke shi ne ki tambayi likitansa maganin haidiroksiyuriya, shi ma wancan sinadarin jariran yake ƙarawa, da gidan sauro da yawan shan ruwa.

Batun gwaji kuwa babu gaibu a ciki, jinin da yake jikinki yau ake dubawa. Gado a jini ma Annabi (SAW) ya tabbatar da shi, lokacin da wani mutum ya zo yana tantamar ɗansa saboda launin fata, ya tambaye shi raƙumanka jajaye ta ina mai ruwan toka ya fito a cikinsu, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta jawo shi, Annabi (SAW) ya ce to ɗanka ma haka. AS da AS kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa SS wato sikila, kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai ba, ana iya samun uku a jere ana iya rasa ko ɗaya. A jihar Kano ma tun 2024 gwajin nan doka ne.

Auren ƙanwarki in an ɗaura ya ɗauru, ba zan ce miki ɓatacce ne ba don jini ba ya cikin sharuɗɗan aure. Amma ni da za a ji tawa a mayar da kuɗin gaisuwar nan tun ba a sa rana ba, kuma a yi shi a rufe kada a tallata jinin 'yar mutane ko na yaron a gari. A sake gwajin a wani asibitin daban don a tabbatar. Baba kuma ba ke za ki yi jayayya da shi ba, maigidanki ya samu limamin garinku su je tare su zauna da shi, ita kuma ƙanwar taki ki kira ta ta kwana ɗakinki ranar da ciwon yaron ya tashi.

Wallahu a'alam.