Amsa kan yadda Bajamushe Astor ya yi arziki a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baƙon da ya shigo Amurka daga Jamus jim kaɗan bayan Amurka ta samu 'yanci yana iya kafuwa a kasuwa ba tare da gadon dukiya ba. Rayuwar John Jacob Astor ta isa amsa.

An haife shi a 1763 a garin Walldorf na ƙasar Jamus, ɗan mahauci ne, kuma sai da ya yi wasu shekaru a Landan wajen yayansa mai ƙera kayan kiɗa kafin ya sauka birnin Baltimore na Amurka a 1784 da 'yan sarewa na sayarwa. A New York ya koyi cinikin fatun namun daji, yana shiga ƙauyuka da ƙafarsa yana saye daga 'yan asalin ƙasar, ya gyara, ya aika Turai. Matarsa Sarah Todd, wadda ya aura a 1785, ta iya tantance fata ƙwarai.

Yarjejeniyar Jay ta 1794, tsakanin Amurka da Birtaniya, ta sauƙaƙa masa shigo da fatu daga Kanada, daga nan jiragensa suka fara kai su Canton ta ƙasar Sin suna dawowa da ganyen shayi da siliki. A 1808 ya kafa kamfanin cinikin fatu mai suna American Fur Company. Sai dai hannunsa bai fita da tsabta ba, domin ya yi fataucin ofiyom, wani kayan maye, zuwa Sin.

A ganina, filayen Manhattan na birnin New York da ya riƙa saye tun suna gonaki su ne ainihin arzikinsa. Ya bar cinikin fata a 1834, ya rasu a 1848 da dukiyar kusan dala miliyan 20.