Bayan hawa Windows 11 manhajar kanti ta ƙi buɗewa, mai gyara ya ce sai fomatin

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da kantin magani a Funtuwa. Kwana shida ke nan da yaron kantina ya ɗaga kwamfutarmu daga Windows 10 zuwa Windows 11. Tun ranar manhajar da muke lissafin kaya da ita ta ƙi buɗewa, sai ta ce ba ta samu rumbun bayanai ba, firintar rasit ma ta tsaya. Duk bashin da muke bin mutane da wanda ake bin mu yana ciki, har da ranakun da wa'adin magunguna zai ƙare. Na kai wa mai gyara ya ce ba makawa sai fomatin, amma zai kwashe min fayilolina a filash. Gobe zan mayar masa da ita. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Daga wata Hajiya a Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki kai kwamfutar nan gobe. Bisa abin da kika bayyana, lissafinki yana nan inda yake, manhajar ce kawai ta kasa isa gare shi. Abin da zai iya hallaka shi a yanzu shi ne fomatin ɗin da ake shirin yi, wato goge komai da ke kwamfutar a sake zuba Windows.

Kuma lokaci yana ƙure miki. Idan aka ɗaga Windows, tsohon yana zama a cikin folda mai suna Windows.old na kwana 10, daga nan kwamfutar ta share shi da kanta. Shida sun tafi. Yau ɗin nan ki sa a buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator) a rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, wannan zai tsawaita wa'adin zuwa kwana 60, wanda shi ne iyaka. Ba ya aiki idan kwanakin sun riga sun cika. A tsakanin nan kada kowa ya taɓa Disk Cleanup, kada a sa wata manhajar share tarkace, domin Windows.old ne abu na farko da suke cinyewa saboda girmansa.

Na biyu, kafin a gwada kowane irin gyara, a kwafi faifan kwamfutar gaba ɗaya yadda yake zuwa wani faifan waje, ba tsintar fayiloli ɗai-ɗai ba. Sannan ki duba ko faifan a kulle yake da BitLocker, makullin Windows da ke hana karanta faifai sai da mabuɗi. Idan a kulle yake, ki shiga asusun Microsoft da aka yi rajistar kwamfutar da shi ki rubuta mabuɗin nan mai lamba 48 a takarda. Idan da asusun yaron kanti aka yi, to mabuɗin yana wurinsa, ki karɓa yau.

Saƙon da manhajar take ba ki ya riga ya nuna inda ciwon yake. Yawancin manhajojin kanti irin wannan a kan SQL Server Express suke zaune, wato manhajar Microsoft da ke riƙe rumbun bayanai. A shiga services.msc a duba ko hidimar SQL Server tana gudana. Idan a tsaye take kuma ta ƙi tashi, a karanta fayil ɗin ERRORLOG nata, inda take rubuta kurakuran da ta ci karo da su. Abu biyu nake zargi. Ko dai sigar ta tsufa, domin daga ta 2017 zuwa sama Microsoft ta amince da su a kan Windows 11, ko kuma matsalar nan da kamfanin da kansa ya bayyana: wasu faya-fayan zamani da ake kira NVMe a Windows 11 suna nuna girman sashe da ya wuce 4KB, shi kuwa SQL Server ba ya yarda da haka. Umarnin fsutil fsinfo sectorinfo C: zai nuna lambar, kuma gyaran layi ɗaya ne a cikin Registry, kundin saitunan Windows, sai a sake kunna kwamfutar. Idan hidimar lafiya take, a duba .NET Framework 3.5 a cikin Windows Features, sannan a kira wanda ya sayar miki da manhajar, shi ne ya san sunan da take neman rumbun da shi.

Ta firinta ba ta da wuya. A Device Manager a nemi alamar ruwan ɗorawa a karanta lambar: 28 na nufin babu direba, wato manhajar da ke haɗa firintar da Windows, 52 sa hannun direban ne bai karɓu ba, 39 kuma sau da yawa saitin tsaron Windows mai suna Memory integrity ne ya hana tsohon direba lodi. Idan ta wayar USB mai juyawa zuwa siriyal take haɗe, wataƙila ki ga rubutu ƙarara cewa PL2303TA, ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar, ba ya aiki da Windows 11, sai a sauya wayar kawai. A kuma duba ko lambar COM, wato lambar kafar da firintar take haɗe da ita, ta canza.

Yanzu bari in dawo kan fomatin, don shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarki.

Kusan kullum sai na ji wannan magana. Sauti ya ɗauke, fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Firinta ta ƙi bugawa, fomatin. An mayar da shi maganin kowace cuta, har masu kwamfutar ma yanzu su ne suke shigowa suna cewa a yi musu. Dalilin a fili yake: bin diddigin matsala yana buƙatar karatu da zama, fomatin kuwa filash ɗaya ne da ƙasa da awa guda, a karɓi kuɗi a kira na gaba. Amma ki tsaya ki yi tunani a kan taki matsalar. Idan tsohon SQL Server ne ba ya jituwa da Windows 11, aka goge komai aka sake zuba Windows 11 ɗin, me ya canza? Rashin jituwar yana nan daram, sai dai yanzu babu hanyar komawa baya, kuma babu rumbun bayanan. Garin neman gira an rasa ido.

Alkawarin nan na "zan kwashe miki fayilolinki" shi ne tarkon, kuma ba lallai da mugun nufi ya faɗa ba, iya abin da ya sani ke nan. Abin da ake kwashewa shi ne Desktop da Documents da Downloads da hotuna. Lissafin kantinki ba ya cikin ko ɗaya daga ciki. Idan SQL Server ne, fayilolin .mdf da .ldf suna can cikin Program Files, ƙarƙashin foldar Microsoft SQL Server. Wasu manhajojin kuma a ProgramData ko AppData suke ajiya, su kuwa waɗannan foldoji biyu ɓoyayyu ne, wanda bai neme su ba ba zai gan su ba. Zai miƙo miki filash cike da takardun Word da hotunan biki, ki duba ki ga kamar komai ya cika, sai an sake sa manhajar ta buɗe fayau babu suna ko ɗaya, lokacin ne za a fara salati. Alamar manhajar da ke kan Desktop, wadda wasu suke kwafa suna cewa sun ceto manhajar, 'yar nuni ce kawai, babu komai a cikinta.

Kada kuma wani ya ce miki ai ko an goge akwai manhajar dawo da fayil. A zamanin faifai mai juyawa ana dacewa. A kan SSD kuwa, faifan zamani da ba ya juyawa, akwai umarnin TRIM da ke sanar da faifan cewa wuraren nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya share su da gaske, ga sabon Windows da aka zuba a kai. Idan kuma da BitLocker a kai, abin da za a tono tarkace ne da ba ya karantuwa. Na sha zama da mutanen da suka zo bayan aikin gama ya gama, kuma babu abin da ya fi min ciwo a sana'ar nan kamar in kalli mutum in ce masa littafin bashinsa na shekaru ya tafi.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Lasisin manhajar galibi a ɗaure yake da wannan kwamfutar, bayan fomatin sai an sake neman mai ita, wani lokaci har da sabon biya. Windows ɗin da ake zubawa a irin waɗannan filasan sau da yawa na sata ne, kuma kafin a sa abin da zai kunna shi sai an kashe Windows Defender, domin shi yana ganin abin a matsayin cuta. Wato kwamfutar da kike shiga asusun banki da ita za ta dawo gida da manhajar da ba wanda ya san wanda ya rubuta ta. A kan haka za a ƙara wani ƙunshin direbobi na kowa-da-kowa, maimakon a ɗauko na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Kwamfutar da aka ajiye muku amana ce, kuma abin da ke cikinta ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. A cikin ta Hajiya akwai haƙƙin mutanen da ba su ma san an kawo ta shagonku ba, akwai ranakun ƙarewar maganin da marasa lafiya za su sha. Faɗin "wannan ya fi ƙarfina, kira mai manhajar" ba ya rage wa kowa daraja. Fomatin yana da muhallinsa, kamar idan cuta ta yi katutu ko an sauya faifai, amma ko a nan sai bayan an buɗe kwafin bayanan da aka ajiye a wata kwamfuta an ga tana karantuwa da ido.

Hajiya, idan kwana biyu suka wuce ba a shawo kan manhajar ba, ki koma Windows 10 ta Settings, System, Recovery, Go back, da caja a jiki da tabbacin wuta ba za ta yanke ba, kuma ki tabbata kin tuna tsohuwar kalmar sirrinki. Da zarar manhajar ta buɗe, ki yi ajiyar bayanan (backup) daga cikinta, kwafi biyu, ɗaya ya kwana a gida. Komawar ta wucin gadi ce, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ki nemi mai manhajar ya ba ki sigar da ta dace da Windows 11 da sabon SQL Server, a gwada maido da ajiyarki a kanta a wata kwamfuta, sannan a sake ɗaga ta kantin a ranar da ba ciniki. Idan kika samu layukan ƙarshe na ERRORLOG ɗin da lambar da Device Manager ya nuna, ki turo min, amma ki rufe sunayen masu bashi idan sun fito a hoton. Allah ya tsare miki dukiyarki.