Mene Ne Alaƙar Dogayen RNA da Ciwon Idon Masu Suga?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a fannin lafiya, kuma mahaifiyata tana da ciwon suga har ya fara taɓa mata ido. Na ji ana cewa wasu dogayen RNA marasa haɗa furotin suna da hannu a ciki. Mene ne su? Akwai magani ta wannan hanyar?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Kin san DNA ke ajiye umarni, RNA ke ɗauko shi a haɗa furotin. To, ɓangaren DNA da ke haifar da furotin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Daga ragowar ne ake samun RNA masu tsawon da ya haura nukiliyotaid 200 (wato tubalan da ke gina RNA), waɗanda ake kira lncRNA, su ne dogayen RNA ɗin da kika ji. A da kallon tarkace ake musu. Ashe wasunsu suna cikin masu cewa wannan ƙwayar gado (gene) ta yi aiki, waccan ta yi shiru.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, ƙananan jijiyoyin jini na retina, wato tantanin gani da ke can bayan ido, sai su raunana su fara yoyo. Tantanin ya rasa iskar oksijin, sai ya yawaita fitar da furotin VEGF, wanda ke tsirar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari masu saurin fashewa. A nan lncRNA ke shigowa. Ɗaya daga cikinsu, MALAT1, wanda aka fara ganowa a kansar huhu a 2003, yana ƙaruwa a idon da suga ya taɓa, yana rura kumburi. ANRIL yana ɗaga VEGF. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne MIAT: akwai wani ɗan guntun RNA, miR-150-5p, da ke taka wa VEGF birki, shi kuma MIAT sai ya tsotse shi kamar soso, VEGF ya samu sake. MEG3 kuwa raguwa yake yi.

Batun magani, kada ki yi gaggawar sa rai. Yawancin binciken a kan ɓeraye da ƙwayoyin jiki na ɗakin gwaji aka yi shi, kuma lncRNA na ɓera ya kan sha bamban da na mutum. Har yanzu babu maganin lncRNA da aka amince a ba mai wannan ciwo.

Abin da ke hannu shi ne allurar da ke toshe VEGF, irin su ranibizumab da aflibercept, sai kuma leza. Ki kai Mama wurin likitan ido a ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa, aƙalla sau ɗaya a shekara, ta kuma riƙe suga da hawan jini da kyau.