Man Giyar Baya na A-kori-kura: Dole Ne a Ƙara Masa Sinadari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Hilux tsohuwar yayi mai shan dizal, wadda nake dakon hatsi da ita. Makonni biyu da suka wuce bakanikena ya juye man giyar aksul na baya, ya zuba sabo mai lamba 80W-90. Tun ranar, duk sanda na karya kwana a hankali sai in ji bayan motar yana kakkarwa, gar-gar-gar, amma a miƙaƙƙen titi shiru. A jikin tukunyar aksul ɗin akwai 'yar takarda da aka rubuta LSD. Wani ya ce akwai sinadarin da ya kamata a haɗa da man, wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kama maganar na farkon. Alamar da ka kwatanta da takardar da ka gani duk abu ɗaya suke nunawa: an zuba wa motarka man da bai dace da irin difaranshal ɗinta ba, wato giyar da ke cikin tukunyar aksul ɗin. Sai dai na biyun ma yana da gaskiya a kan wasu motocin.

In mota ta shiga kwana, tayar waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta saurin juyawa. Aikin difaranshal ke nan, ya ba kowace taya damar juyawa da nata saurin. Na gama-gari yana da aibi guda: in taya ɗaya ta faɗa taɓo ko rairayi, sai ta yi ta wulwulawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. LSD, wato difaranshal mai taƙaita zamewa, an ƙera shi ne don magance haka. A irin na Hilux ɗinka akwai jerin fayafayan kuloci da aka matse su da juna a cikin tukunyar, suna riƙe tayoyin biyu don kada ɗaya ta gudu ta bar 'yar'uwarta.

Matsalar tana nan ne. Waɗannan fayafayan ana so su riƙe, ana kuma so su ɗan zame a kwana, sumul, ba fizga. Man giya mai lambar aji GL-5, in shi zalla ne babu sinadarin, an haɗa shi ne don ya kare haƙoran giya daga matsanancin dannuwa, ba ruwansa da yadda kuloci ke gogar juna. Da shi kaɗai fayafayan sukan manne, nauyi ya taru a kansu, su suɓuce farat ɗaya, su sake mannewa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan kama-saki ɗin ne kake ji a matsayin kakkarwa. A miƙe kuwa tayoyin biyu saurinsu ɗaya, babu abin da zai zame, shi ya sa kake jin shiru. Sinadarin, wanda a jikin kwalbarsa za ka ga an rubuta Friction Modifier, yana rage wannan mannewar ta farko har zamewar ta daidaita. In aka bar motar haka wata da watanni, fayafayan za su cinye, su yi ƙyalli, daga nan kuma babu man da zai dawo da su.

Hanya biyu ce a gabanka. Wadda na fi so ita ce a sake juye man, a zuba GL-5 da aka rubuta LS ko LSD a jikin galan ɗinsa, domin irinsa tun daga kamfani an gauraya sinadarin a ciki, kuma shi Toyota ta umarta a zuba wa waɗannan aksul ɗin. In bai samu ba, a ɗan rage wanda ke ciki, a tsiyaya sinadarin ta ramin cikawa. Ford, alal misali, tana da nata mai suna Motorcraft XL-3, a kwalba mai mililita 118, kuma shi ake sa wa motocinta F-150 masu Traction-Lok, wato nata LSD mai kuloci. Kada ka ce tunda magani ne bari a yawaita. In ya yi yawa, kulocin zai yi santsi har ya kasa riƙo, ka wayi gari LSD ɗinka ya koma kamar na gama-gari. Ka fara da rabin kwalba, ka nemi fili ka yi ta zagaye kamar kana zana lamba 8 a hankali, sau goma ko fiye, don man ya ratsa tsakanin fayafayan. In har yanzu da saura, sai ka ƙara.

Wani abu da nake yawan tuna wa yaran gareji: a fara kwance noti na cikawa kafin na juyewa. Ba daɗi ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi motsi.

Su kuwa motocin da abokinka na biyu ya dace da su, ba kowane LSD ne ke da kuloci ba. Torsen da Eaton Truetrac da karkatattun haƙoran giya suke aiki, gogayyar haƙoran ce ƙarfinsu, sinadarin ma rage musu kuzari yake yi. Chevrolet Silverado da GMC Sierra da ke shigowa daga Amurka, yawancin masu lambar G80 difaranshal ɗinsu makulli ne mai kama kansa, kuma GM, kamfanin da ke ƙera su, ba ta ce a ƙara masa komai ba. Haka Tacoma da Tundra da sababbin Hilux masu abin da ake kira Auto LSD: difaranshal ɗinsu na gama-gari ne, kwamfutar mota ce ke taka wa tayar da ke wulwulawa birki. Zuba musu sinadari asarar kuɗi ce kawai.

Wanda takardarsa ta goge yana iya gwadawa da kansa. A sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga na baya duka biyu a ɗora motar a kan matokara masu ƙarfi, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta, suka juya gefe guda, mai kuloci ne. In ta juya baya, ko dai na gama-gari ne, ko irin su Torsen, ko kuma kulocin ya riga ya cinye.

In ka canja man, ka yi zagayen, ka yi tafiyar kwana biyu amma kakkarwar na nan, to sai a buɗe tukunyar a duba fayafayan. Kafin nan ka leƙa tayoyin baya, ka tabbatar girmansu ɗaya kuma iskarsu daidai take, domin taya da ta fi 'yar'uwarta girma tana sa kulocin zamewa ko a miƙaƙƙen titi, musamman in ka labta wa motar buhuna.