Littafin ranakun Jimmy Page da ke kan teburina

Jiya muna naɗe wayoyi ka ce da ni, "Oga, tsohon littafin nan da kake buɗewa kowace safiya kafin mu kunna inji, na leƙa na ga ba lissafin kuɗi ba ne, ranakun wasan wani Bature mai jita ne. Me zai ƙara mana a aiki?" Ban ba ka amsa ba don mai waƙa yana jiranmu. Yau ba mu da kowa sai bayan azahar. Jawo kujera, ɗana.

Sunan mutumin Jimmy Page. An haife shi ranar 9 ga Janairu 1944 a Heston, yamma da Landan, kuma shi ne ya kafa ƙungiyar Led Zeppelin, shi ne mai jitarta, shi ne furodusan fayafayenta. Masu bin tarihinsa suna da wata al'ada, kowace safiya su tuno abin da ya yi a rana irin ta yau. Ni ma haka na tsara nawa littafin. Kowace rana ta shekara da shafinta, duk abin da ya faɗo a wannan rana, ko a 1964 ne ko a 2007, a nan nake rubuta shi.

Da gangan na ƙi jera shi shekara bayan shekara. In ka bi shekaru, labarin tauraro za ka karanta, yaro ya taso, ya yi suna, ya cika filayen ƙwallo. In ka bi ranaku kuwa, sai ka tarar da ma'aikaci. Shafin da ke ɗauke da daren da dubban mutane suka yi masa ihu, maƙwabcinsa yana ɗauke da wata safiya da ya zauna a kan kujera cikin makaɗa, ya kaɗa abin da aka ce ya kaɗa, ya karɓi kuɗinsa ya fita, ko sunansa ba a sa a faifan ba. Irin waɗannan safiyoyi su ne suka sa na fara littafin.

Kafin duniya ta san shi, makaɗin haya ne a situdiyoyin Landan, tun daga wajen 1963 har zuwa 1966. Ka san yadda aikin yake a can a lokacin? Zama ɗaya awa 3 ne, bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ta ƙasar. Na safe daga ƙarfe 10 zuwa 1, na rana daga 2 zuwa 5, na dare daga 7 zuwa 10. Wanda ake nema sosai yakan yi duka ukun a yini guda, kowanne a situdiyo daban, yana ɗauke da jita da amfilifaya a cikin gari. Sau da yawa bai san wa zai yi wa kiɗa ba sai ya shiga ɗakin. Ana miƙa masa takarda, a gwada sau ɗaya ko biyu, jar fitilar ɗauka ta kama. Kuma a zamanin kusan kowa tare ake ɗauka, masu goge, masu busa, mai ganguna, mai waƙa. In hannunka ya zame, mutanen ɗakin gaba ɗaya ne za su koma farko saboda kai, furodusa yana kallon agogo. Ba wanda zai zage ka. Wayarka ce kawai ba za ta sake ƙara ba.

Ya shiga wannan duniya bai iya karanta rubutun kiɗa sosai ba, da kunne ya fara, daga baya ya zauna ya koya don aikin ya tilasta masa. A farkon 1963 wani faifan kiɗa na Jet Harris da Tony Meehan da ya kaɗa jitar rakiya a ciki ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, daga nan kira ya yawaita. Akwai wani babban mai jita da ya riga shi a harkar, Big Jim Sullivan, don haka shi aka riƙa ce masa Little Jim, wato ƙaramin Jim. Buɗe shafin 16 ga Oktoba. A wannan rana a 1964, a situdiyon Pye, aka ɗauki waƙar Petula Clark mai suna Downtown, wadda ta je ta yi na ɗaya a Amurka. Masu jita 3 ne a ɗakin, Page da Sullivan da Vic Flick, ga tarin makaɗa kewaye da su. Saurari waƙar yau, ba za ka iya nuna inda hannun Page yake ba. Kuma wannan ba gazawa ba ce, abin da aka kira shi ya yi ke nan. Kai da nake fama da kai kan ka rage ƙara in mai waƙa ya shigo, wannan shafin naka ne.

Amma ba zaman banza ya yi a ɗakunan nan ba. In an gama ɗauka, wasu su fita shan shayi, shi yana lura da inda injiniya ya ajiye makirufo, da abin da ya sa gangunan wannan ɗaki suka fito da rai, na wancan suka fito kamar ana dukan kwali. A nan ya fahimci abin da nake nanata maka, cewa tazara ita ke ba sauti zurfi. Ya riƙa sa makirufo ɗaya a bakin lasifika, ɗaya can nesa a cikin ɗaki, ya haɗa su. Ko dabarar goga tsirkiyar jita da izgar goge, wadda daga baya ta zama alamarsa a kan dandamali, wani mai gogen Turawa ne ya ba shi shawarar a wani zaman ɗauka.

To yanzu duba shafin yau, 25 ga Satumba. Layi na farko, 1968: Page da Robert Plant mai waƙa da John Paul Jones mai jitar bes da John Bonham mai ganguna sun shiga situdiyon Olympic a Landan don fara ɗaukar kundin Led Zeppelin na farko. Kimanin awa 36 kacal suka ci a situdiyo, kuɗin ya kama fam 1,782, kuma ba kamfani ne ya biya ba, su suka ɗauki nauyin abinsu. Mutane suna jin awa 36 sai su ce baiwa. Baiwa tana nan, amma juya shafuka baya kaɗan. A watan Agusta suka fara haɗuwa su huɗu a wani ɗakin ƙasa a titin Gerrard a Landan. Ranar 7 ga Satumba suka yi wasansu na farko a Gladsaxe, kusa da Kofanhegan a Denmak, suna amfani da sunan New Yardbirds, daga Yardbirds, tsohuwar ƙungiyar Page, suka zaga ƙasashen yankin suna kaɗa waƙoƙin dare bayan dare. Tsakanin 7 da 25 ga wata kwana 18 ne. Ashe kafin su taka ƙofar situdiyo sun riga sun dafa waƙoƙin a gaban jama'a. Ga mutum biyu a cikinsu, Page da Jones, da suka shafe shekaru suna aikin haya, sun san darajar kowane minti. Da ban jera ranakun ba, da wannan lissafi bai fito mini ba. Ranar 26 ga Disamba suna Denver a wasansu na farko a Amurka, suna buɗe wa wasu fage, a watan Janairu 1969 kundin ya fita a can.

Layi na biyu a shafin nan shi ne ya sa ka ga na yi shiru ɗazu. 25 ga Satumba 1980, aka tarar da Bonham, mai gangunansu, ya mutu a gidan Page da ke Windsor bayan ya yini yana shan barasa. Shekararsa 32. Wasansu na ƙarshe tare shi ne na Barlin, ranar 7 ga Yuli na wannan shekara, kuma ranar 4 ga Disamba suka sanar cewa ƙungiya ta watse. Shekara 12 cif tsakanin layin nan biyu. Ina so ka ji wannan daga bakina: hannun Page nake so ka koya, da kunnensa, da haƙurinsa. Rayuwar da suka yi a kan hanya, ta shaye-shaye da sakaci, ta ci abokinsa, shi ma ta taɓa lafiyarsa da kiɗansa a ƙarshen shekarun 1970. Ban ɓoye wannan a littafin ba.

Manyan darare suna nan su ma, amma ba na daɗewa a kansu. 9 ga Janairu 1970 a zauren Royal Albert Hall na Landan, ranar da ya cika 26. 5 ga Mayu 1973 a Tampa, mutum 56,800. 30 ga Afrilu 1977 a Pontiac, mutum 76,229. Wanda ya fi amfanar mai sana'a a cikinsu shi ne 5 ga Maris 1971 a Belfast, daren da suka fara kaɗa waƙarsu Stairway to Heaven a gaban jama'a. A situdiyo ya ɗauki waƙar da jita daban-daban, mai tsirkiya 6 da mai 12, ɗaya bayan ɗaya. A kan dandamali babu damar ajiye wannan a ɗauki waccan a tsakiyar waƙa, shi ya sa ya nemo jitar Gibson mai wuya biyu. Yara suna ganin hoton su ɗauka ado ne, alhali matsalar aiki ce ya warware.

Ka lura wasu layukan da biro na rubuta su, wasu da fensir? Na biro su ne waɗanda suke da shaida, takardar situdiyo, ko tikiti, ko tallar jarida, ko rubutun da ke jikin kwalin tef. Na fensir su ne waɗanda baki kawai ya ɗauko. Shekarun haya su suka fi yawan fensir, don ba a sa sunan makaɗin haya a faifai, kuma bayan mutum ya yi suna kowa yana so ya ce shi ne ya kaɗa masa. An shekara da shekaru ana yaɗa cewa Page ne ya kaɗa zazzafar jitar da ke tsakiyar waƙar da ta fito da ƙungiyar Kinks a 1964. Dave Davies ne ya kaɗa abinsa, Page da kansa ya ce ba shi ba ne, amma maganar ta ƙi mutuwa. Ka yi tunanin zafin da Davies yake ji, yana yaro ɗan shekara 17 ya yi aikin da ya fi kowanne fito da shi, ana miƙa wa wani.

Ko tikiti ma kada ka yarda da shi ido rufe. Wasan da suka sake haɗuwa a zauren O2 a Landan, don tunawa da Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic, an sa shi ne ranar 26 ga Nuwamba 2007. Page ya karya yatsa, aka ɗaga zuwa 10 ga Disamba. Wanda ya dogara da sanarwar farko zai rubuta wasa a ranar da ba a yi komai ba. Wannan dare na 2007, da Jason ɗan Bonham a kan ganguna, ya yi kyau ne don sun shafe makonni suna atisaye. Ajiye shi kusa da 13 ga Yuli 1985, wasan tara tallafi na Live Aid a Filadelfiya, inda suka hau ba shiri na kirki, jita ba ta saitu ba, muryar Plant ta dushe, har daga baya suka hana a sa nasu ɓangaren a faifan bidiyon taron. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ko kai waye.

Akwai inda nake ganin laifinsa, kuma zan faɗa maka. Wanda ya san ɗacin yin aiki ba suna, bai kamata ƙungiyarsa ta ɗauko daga waƙoƙin tsofaffin mawaƙa baƙaƙen Amurka masu salon kiɗan blues ta bar sunayensu ba. Ɗaya daga cikinsu, Willie Dixon, sai da ya kai su ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, aka riƙa sa sunansa a bugun baya. Wannan ma yana cikin littafin, da biro.

Ni kaina abin ya taɓa cina. Ina matashi na yi wa wani mai waƙa jita a waƙoƙi da dama, zama bayan zama, da alkawarin za a biya in kaset ya fita. Kaset ya fita, ya karɓu, na je karɓar haƙƙina, ya ce sau biyu kawai na zo. Na san na fi haka nesa ba kusa ba, amma da aka ce in faɗi ranakun sai na kama kame-kame. Ba ni da komai a rubuce. Na koma gida da kuɗin zama biyu da baƙin ciki, washegari na sayi littattafai guda biyu. Ɗaya shi ne wannan da ka leƙa. Ɗayan yana cikin durowa, nawa ne, kuma ya fi wannan kauri.

Ga sabo na saya maka, naka ne. A kan kowane aiki ka rubuta rana da wata da shekara, da lokacin da aka fara da lokacin da aka tashi. Ka sa sunan mai waƙa da na waƙar, da duk wanda ya taɓa kayan kiɗa a ɗakin, har wanda ya yi tafi. Ka rubuta jitar da ka yi amfani da ita, da yadda ka saita ta, da taku nawa ne tsakanin makirufo da lasifika, don wata rana mai waƙa zai dawo bayan wata 6 ya ce yana son sautin ranar nan. Ka rubuta abin da aka yi ciniki da abin da ya shigo hannu. In zaman ya lalace ka rubuta dalili, ko da kai ne dalilin. Kuma a ranar za ka rubuta, kafin ka bar ɗakin, ba gobe ba.

Fara da na yau. Mai waƙar zai zo ƙarfe 2, jitarka ce za ta raka shi, ni ina kan inji. Tashi ka canza tsirkiya ta uku, na ji tana ƙara tun jiya, sannan ka kai makirufo na biyu can kusa da ƙofa mu ji yadda ɗakin zai amsa.