Tambaya da Amsa: An gayyace ni coci, me zan tarar?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni mai ɗinki ce a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, Musulma. Wata kwastomata da muka daɗe tare ta haihu, ta gayyace ni cocinsu ranar Lahadi, za a yi wa jaririn addu'a. Ta ce cocin ba Katolika ba ce, ba Methodist ko Presby (Presbyterian) ba, mai zaman kanta ce. Ban taɓa shiga coci ba. Me zan tarar, kuma yaya zan yi kada in ji kunya?
Ƙanwarki daga Nima, Accra

Amsa: Ƙanwata, batun halasci na malaminki ne, ki tambaye shi. Na san za ki tuna Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika ta Christ the King a ranar Ista ta 2019, amma ni ba mai fatawa ba ce. Abin da ido zai gani zan faɗa miki.

Irin waɗannan coci-coci ba su da uwa a Roma ko Ingila, kowace da wanda ya kafa ta. Nicholas Duncan-Williams ya fara Action Chapel a 1979, Mensa Otabil ya kafa International Central Gospel Church (ICGC) a 1984, daga nan suka bazu har cikin azuzuwan makarantu da rumfunan kwano. Tsarin kowace yana hannun fastonta, amma kamanninsu sun fi bambancinsu yawa.

Daga ƙofa masu tarbar baƙi za su nuna miki kujera. Ba a cire takalmi, maza da mata a haɗe suke zama, hijabinki kuma ba zai tsone wa kowa ido ba. Ƙara ce za ta fara razana ki: ganguna, jita, piyano, da lasifika da ake ji har a ƙirji. Waƙoƙin Turanci ne da Twi, wani lokaci da Ga, ana rawa ana kaɗa fararen hankici. In da a watan Mayu ne, lokacin da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikin Homowo, da kunnenki ya huta. Wajen addu'a kowa zai ɗaga murya lokaci guda, wasu na furta abin da ba yaren kowa ba. Suna kiransa magana da harsuna, a wurinsu baiwar Ruhu Mai Tsarki ce. Ki zauna abinki, ba wanda zai ce ki yi.

Za a yi baiko, wato tara kuɗi don coci, sau da yawa fiye da ɗaya. Wani wuri a zagayo da kwando, wani wuri a fita layi-layi da rawa, ga lambar MoMo, ta tura kuɗi ta waya, a allon bango. Ba dole ba ne. A ganina barkarki ki damƙa wa mai jego hannu da hannu.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne bayan wa'azi. Kira biyu ake yi, kuma baƙo yakan rikita su. Na farko, fasto zai ce a rufe ido, mai son ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu ya fito gaba. Wannan shiga addini ne, ba gaisuwa ba. Na biyu, a ce waɗanda yau ne zuwansu na farko su miƙe, a tafa musu, a yi musu waƙar maraba. Shi ne naki, in kin ga dama. In Turancin ya yi miki sauri, ki taɓa ta kusa da ke ki tambaya kafin ki motsa. Haka idan an zagayo da ɗan burodi da ƙaramin kofi, jibin Ubangiji ke nan, na mabiya ne, ki miƙa gaba.

Bayan an tashi za a ja baƙi gefe, a ba ku ruwa ko lemo, a miƙo kati na suna, unguwa da lambar waya. Duk wadda ta rubuta lamba za a kira ta cikin mako, a sake gayyatarta. Ba da mugun nufi ba ne, aikin da aka ɗora musu ke nan. In ba kya so, ki ce biki kika zo, ki yi godiya, ki mayar da katin.

Sujadar, wato taron ibadarsu, takan kai awa biyu zuwa uku, manyan coci kuma suna yin fiye da ɗaya ranar Lahadi. Ki tambayi mai jegon a wacce za a fito da jaririn, don kada azahar ta riske ki a trotro, motar haya.